Ƙafa 5 da inci 10 santimita nawa ne? Kalkuleta ta mai da ni gajere

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ina cike wani fom ne a intanet sai suka ce in sa tsawona da santimita, ni kuma abin da na sani tun da daɗewa ƙafa 5 da inci 10 ne tsawona. Na duba na ga ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, sai na danna 5.10 sau 30.48 a kalkuleta ta ba ni 155.4. To ƙanwata da nake kallon tsakar kanta in mun jera an auna ta 158, ya za a yi a ce ta fi ni tsawo? Ko wayar ce ta samu matsala?

Mai Ƙwallo: Hhhh wayarka lafiyarta ƙalau, kai ne dai ka rage wa kanka tsawo da hannunka

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Auta ba kai kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya zo min da wannan tambayar a nan wurin yake faɗawa. Matsalar ɗigon nan ce da ka sa. Inci 12 ne ke yin ƙafa ɗaya, ba 10 ba, shi kuma ɗigo a kalkuleta kashi goma ya sani. Da ka rubuta 5.10 ita abin da ta ji shi ne ƙafa 5 da kashi ɗaya cikin goma na ƙafa, wato ƙafa 5 da inci ɗaya da ɗan wani abu, ka ga ka zubar da kusan inci 9 a hanya. Yadda za ka yi, ka fara mai da komai inci tukuna: 5 sau 12 ya ba ka 60, ka ƙara 10 ya zama 70, sannan 70 sau 2.54, tunda inci ɗaya santimita 2.54 ne, zai ba ka 177.8. Shi ne tsawonka in dai da gaske ƙafa 5 da inci 10 ɗin ne.

Ɗan Auta: Kai Malam Allah ya saka da alheri, wlh har hankalina ya fara tashi. To in an ba ni santimita ina so in koma ƙafa fa?

Malamin Lissafi: Nan ma tarkon ɗaya ne, juya shi kawai aka yi. Ɗauki mai santimita 180. In ka raba da 30.48 za ka ga 5.9, sai mutum ya ce ai ƙafa 5 da inci 9 ne, alhali ɗigo 9 ɗin nan kashi tara cikin goma na inci 12 ne, kusan inci 11 kenan. Gara ka raba 180 da 2.54 ka samu inci 70.9, ka cire 60 na ƙafa biyar, saura 10.9. Ni dai shawarata kullum a bi ta inci, kar a bi ta ƙafa.

Makanike: Malam ni fa 2.5 nake amfani da shi, ya fi sauƙin riƙewa a ka, ƙafa kuma in ce 30, miye amfanin wannan ɗan 4 ɗin na ƙarshe

Baba Kafinta: Yaro wannan ɗan 4 ɗin da ka raina shi ya taɓa sa ni asarar katako. Allon katakon nan da ake sayarwa ƙafa 4 da ƙafa 8, tsawonsa inci 96 ne. In ka yi da 2.5 za ka samu 240, in ka yi da 2.54 za ka samu 243.8, kusan santimita 4 tsakani, faɗin yatsu biyu. Shi ya sa masu rubuta shi da milimita suke sa 1220 da 2440. Wani ya taɓa turo min awon gurbin da za a sa durowa a bango, shi ya auna da inci ya juya da kansa zuwa santimita da wannan 2.5 naka, ni kuma na yanka yadda ya turo, da aka kawo aka sa sai ga rami ta gefe har hannu yana shiga, sai cikowa aka yi kuma har yau in na tuna aikin raina ba ya so. Tun daga ranar na ce duk wanda zai ba ni awo ya ba ni yadda tef ya nuna masa, kar ya juya min komai, in inci ne inci, in santimita ne santimita, ai tef ɗina yana da duka biyun.

Makanike: To Baba na karɓi gyara, amma in hira ake ai 2.5 ya wadatar ko

Baba Kafinta: In hira ce ka ce ma 2 da rabi ba mai kama ka. In zarto zai taɓa abu ne a'a.

Injiniya: Bari in ƙara a kan maganar Baba, don mutane da yawa suna ɗauka 2.54 ɗin ma kusantowa aka yi, kamar yadda ake cewa 3.14 a lissafin da'ira. Ba haka ba ne. Cif yake, babu wasu lambobi a bayansa. A 1959 ne Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostiraliya da New Zealand da Afirka ta Kudu suka daidaita cewa yadi ɗaya mita 0.9144 ne daidai, daga nan ƙafa ta zama 0.3048, inci ya zama milimita 25.4. Kafin nan incin Amurka ya ɗan ɗara haka kaɗan, na Birtaniya kuma ya ɗan gaza, bambancin da ido ba zai gani ba amma masu ƙera kayan inji suna jin sa. Abin da nake so a lura shi ne yau inci ba shi da wani ma'auni nasa na kansa, da mita ake fassara shi. Wanda yake cewa shi inci yake bi ba ruwansa da mita, mitar yake bi bai sani ba.

Anti Tela: Slm. Tunda an buɗe maganar ni ma bari in kawo tawa. Na yi odar yadi ta intanet sai na ga su da mita suke sayarwa, ni kuma yadi 6 nake buƙata, in ce su ba ni mita 6 kenan?

Malamin Lissafi: Anti in kin ce mita 6 ba ki yi asara ba amma za ki biya kuɗin abin da ba ki nema ba. Mita ta fi yadi tsawo, yadi santimita 91.44 ne, mita kuma 100. Yadi 6 mita 5.49 ne, ki ce biyar da rabi. Mita 6 kuwa yadi shida da rabi ne har da ɗoriya. Inda ake shiga uku shi ne in aka juya, ɗinkin yana son mita 6 ke kuma kika sayo yadi 6, kin ga rabin mita ya tafi.

Anti Tela: Rabin mita ai hannun riga ne guda. Nagode Malam. Faɗin ma na ga sun rubuta 114 da 152, sai yanzu na gane mai inci 45 ne da mai inci 60 da muka saba

Mai Ƙwallo: Ni abin da ya daɗe yana ɗaure min kai a dokar ƙwallo, wai in za a yi bugun tazara 'yan katanga su ja baya mita 9.15. Wane irin mutum ne zai zauna ya zaɓi 9.15, me ya hana 9 ko 10

Injiniya: Ba wanda ya zaɓi 9.15, yadi 10 ne aka juya. A Ingila aka rubuta dokokin kuma da yadi aka rubuta su. Faɗin raga yadi 8, shi ne mita 7.32 da kake gani, tsayinta ƙafa 8, shi ne 2.44. Wurin bugun fanareti yadi 12, in ka lissafa 10.97 ne sai aka ce 11. Yadi na 18 da masu sharhi suke faɗa kullum shi ne mita 16.5. Duk inda ka ga lamba mai ƙazamin ɗigo a mita ka zargi cewa asalinta cikakkiyar lamba ce a yadi ko ƙafa. Faɗin layin dogo da yawancin duniya ke amfani da shi milimita 1435 ne, asalinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi.

Mai Ƙwallo: Ikon Allah. To gudun yada-ƙanin-wani fa, kilomita 42.195, shi ma cikakke ne a mil?

Injiniya: Shi kam ta ko'ina ba ya cika, mil 26 ne da yadi 385. Tsawon hanyar da aka bi ne a gasar Olamfik ta Landan a 1908, daga baya aka tsayar da shi a haka.

Direba: Masu mota fa a taimake mu, akwai motocin da agogon gudunsu da mil yake manya, kilomita kuma ƙanana a ciki da kyar ake gani, wani yana ganin allura a kan 60 ya ɗauka a hankali yake tafiya

Malamin Lissafi: Mil ɗaya mita 1609.344 ne, ka riƙe 1.6. Wanda allurarsa ke kan 60 na mil yana gudun kusan kilomita 97 a awa, in ta hau 80 kuwa ya kusa 129. Dabarar ka: ka ɗauki lambar, ka ƙara rabinta, ka ƙara kashi ɗaya cikin gomanta. 60 da 30 da 6, 96 kenan. Akwai wata kuma da nake burge ɗalibai da ita, jerin lambobin nan da kowace take zama jimlar biyun da suka gabace ta, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, 89. Mil 5 kilomita 8, mil 8 kilomita 13, mil 13 kilomita 21, mil 55 kusan kilomita 89. Dace ne kawai, don ninkin da ke tsakanin lambobin yana kusantar 1.618, shi kuma mil 1.609.

Direba: Wannan ta rabi da kashi goma ta fi min, waccan sai na haddace karatu

Ɗan Auta: Ni fa yanzu tambayata ta canza. Waye ya zauna ya ce 12 ne ƙafa, 3 ne yadi, mil kuma ƙafa 5280? Wannan ai neman wahalar da mutane ne, mita komai goma goma ka matsar da ɗigo ka wuce

Baba Kafinta: Auta kar ka zagi abin da ba ka yi aiki da shi ba. 12 tana rabuwa biyu, uku, huɗu, shida, ba saura. Ka ba ni katako ƙafa ɗaya ka ce in raba uku, inci huɗu huɗu, na gama. Ka ba ni mita ɗaya ka ce in raba uku, 33.3333 har gobe ba ta ƙarewa. Kuma incin kansa rabi ake yi masa, rabin rabi, rabin wancan, har ɗaya cikin 16, ido da hannu sun san rabi ko ba a je makaranta ba. Mutanen da ba wawaye ba ne, da jikinsu suke awo, taku da kamu da gaba, abin da kake yawo da shi ko'ina ba ka mantuwarsa a gida.

Injiniya: Baba ranka ya daɗe a nan kam zan ɗan ja da kai. Gaskiya ne 12 tana da daɗin rabo, amma ka haɗa min inci 7 da 3 cikin 8, da inci 4 da 11 cikin 16, da inci 2 da rabi, a ka, kana tsaye a kan tsani. Da milimita 187 ne da 119 da 64, yaro ɗan firamare zai haɗa. Kuma masu zanen gini da milimita ba su zauna a kan 1000 ba, 300 da 600 da 1200 suke yawan bi, 1200 kuwa tana rabuwa uku da huɗu da shida har da biyar da goma, wanda 12 ba ta iyawa. Awon jiki kuma matsalarsa kamuna ba kamunka ba ne, mai saye ya zo da dogon hannu mai sayarwa da gajere sai rigima.

Baba Kafinta: 14 da 9 cikin 16. Ban sauko daga tsanin ba.

Mai Ƙwallo: Hhhhhh Baba ya gama da Injiniya wlh

Injiniya: Na duba, daidai ne, na sara maka Baba. Amma shekara nawa ka yi kana yi kafin ya zauna maka haka? Yaron shagonka na bana zai iya?

Baba Kafinta: Shi kam ko da milimitar sai ya yanka ba daidai ba

Malamin Lissafi: Auta game da 5280 ɗin, ba zama aka yi aka ƙirƙiro ta ba, gado ne aka haɗa da gado. Kalmar mil daga Rumawa take, taku dubu na sojansu, kowane taku ana ƙirga shi daga inda ƙafa ta tashi zuwa inda ita dai ta sake sauka, ya kama ƙafa 5000 tasu. Manoman Ingila kuma suna da nasu awon na tsawon kunya a gona wanda ya kama ƙafa 660, da shi ake auna filaye. A 1593 zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya majalisa ta tsayar cewa mil ɗaya ninki takwas ne na wannan awon, 8 sau 660 kuwa 5280. Ita mita daban, da gangan aka ƙera ta bayan juyin juya halin Faransa. Suka ce a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba duniya biyu, ta kan Paris, a raba shi miliyan goma. Masana biyu, Delambre da Méchain, suka fara awo a 1792 daga Dunkirk zuwa Barcelona, suka kwashe shekaru ana yaƙi suna awo. Shi ya sa in ka ji an ce kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne ba dace ba ne, daga nan aka yanko mitar. Awon nasu ya ɗan kauce, mitar ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, amma aka bar ta a haka. Tun 1983 kuma da haske ake fassara ta, nisan da haske ke ci a sarari a cikin kashi ɗaya cikin 299,792,458 na daƙiƙa.

Makanike: Malam ka kai mu sama, bari in dawo da mu gareji. Mu inda abin yake cizonmu sifana ce. Mai rabin inci milimita 12.7 ce, sai yaro ya ɗauko 13 ya sa wa notin rabin inci, tana shiga kam amma tana rawa, ya danna da ƙarfi sai kan notin ya murje ya zama kamar kwabo, daga nan sai an sha wahala. Wasu suna shiga wa juna lafiya, uku cikin huɗu na inci 19.05 ne kusan ɗaya da 19, biyar cikin 16 kuma kusan 8 ne. Amma tara cikin 16 14.3 ne, 14 ba ta shiga 15 kuma ta yi yawa. Ga taya kuma abin dariya, 205/55 R16, 205 ɗin milimita ne faɗinta, 55 kashi cikin ɗari ne na faɗin shi ne tsayin gefenta, 16 kuma inci ne na rim. Abu ɗaya awo kala biyu a jikinsa kuma duk duniya haka ake rubutawa ba wanda ya damu

Anti Tela: Kai da kake cewa 2.5 ya isa ashe kai ma kana ƙirga ɗigo uku na milimita

Makanike: Anti a rufa min asiri

Mai Ƙwallo: Ai har NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, an ce ta taɓa asarar kumbo saboda wani ya rikita inci da santimita

Injiniya: Labarin gaskiya ne amma ba inci da santimita ba ne. Kumbon Mars Climate Orbiter ne a watan Satumba na 1999. Awon ƙarfin tunkuɗar injinansa ne aka samu saɓani, manhajar ɓangare ɗaya tana fitar da lambobi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana karanta su a matsayin newton, wato ma'aunin ƙarfi na tsarin mita, tsakaninsu kuwa ninki kusan huɗu da rabi ne. Kumbon ya matsa kusa da duniyar Mars fiye da yadda aka tsara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Lambobin da aka tura ba ƙarya ba ne, sunan ma'aunin ne kowa ya ɗauka ɗan uwansa ya sani, irin dai na mai durowar Baba. Su Amurkawan ma sun daɗe da ƙafa iri biyu, ta kowa da kowa da ta masu safiyo, bambancinsu biyu cikin miliyan, kusan milimita 3 a kowane mil, sai ƙarshen 2022 aka yi ritayar ta safiyon.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ɗaki ne ƙafa 12 da ƙafa 12 za a sa masa tayil, kwalin kuma da murabba'in mita aka rubuta. Na yi 12 sau 12 na samu 144, na ninka da 0.3048 ya ba ni kusan 44, maigidan ya ce sam ba zai yiwu ba

Malamin Lissafi: Hajiya maigidan ya fi ki gaskiya yau. Fili tsawo da faɗi ne, kowanne sai an juya shi, ke sau ɗaya kika juya. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, 3.66 sau 3.66 ya ba ki kusan 13.4. Ko ki riƙe cewa murabba'in mita ɗaya yana ɗauke da murabba'in ƙafa 10.76, ki raba 144 da shi, amsar ɗaya ce. Da kin sayo na 44 da kin yi ɗaki uku da shi.

Baba Kafinta: Ki ƙara kaɗan a kan 13.4 ɗin saboda yanka da fashewa, kar ki sayo cif

Uwar Biyu: Kar dai ku gaya masa na tambaya a nan. Sai talabijin, mai inci 55 zai shiga gurbi mai faɗin santimita 130? Na lissafa 55 ya ba ni 139.7 na ce ba zai shiga ba

Injiniya: Lissafinki daidai ne amma 55 ɗin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, a karkace. Faɗin gilashin kansa kusan 122 ne, tsayi kusan 68 da rabi, sai ɗan bakin da ke kewaye da shi. Zai shiga, ki dai duba awon da aka rubuta a jikin kwalin da kuma inda ƙafafunsa suke tsayawa.

Direba: Jirgin sama fa da matuƙi yake cewa muna ƙafa 35,000

Malamin Lissafi: Mita 10,668. In kana son na ka, ka ninka da 3 ka raba da 10, 10,500, ya kusa. Mil ɗinsu kuma da na jirgin ruwa ba irin naka ba ne, nasu mita 1852 ne.

Ɗan Auta: Jama'a na dawo. Maganar Baba ce ta tsaya min, da ya ce a faɗi abin da tef ya nuna, sai na ce bari in daina lissafi a kan lambar da ban san ma wa ya ba ni ita ba. Na cire takalmi na jingina da bango ƙanwar tawa ta ɗora littafi a kaina ta ja layi muka auna. 176 ne. Na bi ta hanyar Malam, inci 69.3, wato ƙafa 5 da inci 9 da ɗan kaɗan

Mai Ƙwallo: To ina inci ɗayan ya tafi

Anti Tela: Yana jikin takalmin

Ɗan Auta: Malam in sa 176 ko 177.8 ɗin da ka lissafa min, tunda shi ma lissafi ne ya bayar

Malamin Lissafi: Ni abin da ka ba ni na juya maka. Sa 176.